Babi na Shida: Silindar da Ta Daina Aiki Alhali Fulogi Lafiyarsa Ƙalau

Motar da ke misin ba ta ɓuya. Tana tsaye inji na silo, sai ka ga sitiyari yana karkarwa, madubi yana rawa, iskar salansa tana fita da tsinkewa. In an taka totur sai ta yi nauyi, ga shan mai fiye da ƙima. Duk waɗannan alamomi magana ɗaya suke faɗa: a cikin silinda huɗu ko shida, akwai wadda ba ta ƙona man da ake ba ta, 'yan uwanta ne ke jan ta.

A Garwa, in mota ta fara haka, akwai wanda ake tuhuma tun kafin a ɗaga bonet, wato fetur. Kuma da dalili. Shekara da shekaru motoci da baburan arewacin Kamaru sun rayu a kan zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake tsallako da shi daga Najeriya a jarkoki, ana sayarwa a kwalabe a bakin titi. Ko bayan da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, farashinsa ya yi sama, bai ɓace daga gefen hanya ba. Man da ya kwana a jarka, aka tace shi da tsumma a bakin mazurari, yana iya zuwa da ruwa ko ƙasa, kuma ba shakka yana sa mota misin. Sai dai tanki ɗaya ne ke shayar da dukkan silindodi. In ruwa ne a cikin mai, inji gaba ɗaya zai rikice, yau nan gobe can. Ba zai zaɓi silinda ta uku kaɗai ya zauna a kanta mako biyu ba, sai fa idan datti ya toshe nozul ɗinta, wannan kuwa da hanyar gane shi.

Daga fetur sai a koma kan fulogi. A saya huɗu sababbi, a ɗaura, mota ta ɗan yi dama-dama kwana ɗaya, ta koma gidan jiya. Sai a ce kwayil ne. Bayan kwayil a ce nozul, a kai a wanke. Mai mota yana ta zaro kuɗi, an bar jaki ana dukan taiki, alhali tun ranar farko akwai wata 'yar ƙara, tik-tik-tik, da ke fitowa daga saman inji, kowa ya ji ta, kowa ya ce ai tsufa ne.

Wannan ƙara ita ce maganar babin nan.

Kowace silinda tana buƙatar abu uku kafin ta yi aiki: wuta a kan lokaci, mai gauraye da iska daidai gwargwado, da matsi. Fulogi da kwayil su ke da wuta, nozul ko kafireta ke da mai. Shigar iskar da riƙe matsin kuwa aikin bawul ne. Bawul ɗin shiga yana buɗewa a zuƙo iska, na fita yana buɗewa a kori hayaƙi, a tsakani dole su biyun su rufe ruf. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, sandar ƙarfe mai tozaye, wadda ke juyawa sau ɗaya duk lokacin da kiranshaf ya juya sau biyu. Tozon ba kasafai yake taɓa kan bawul kai tsaye ba. Akwai ɗan aike a tsakani, shi ne tafet. A shagunan kayan gyara na Garwa da Marwa, inda ake ciniki da sunayen Faransanci, pusuwar za ka tambaya.

Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, saboda haka tsofaffin injina suna barin ɗan gibi tsakanin tafet da bawul, wanda makaniki ke saitawa da hannu. Haka injin Peugeot 504 yake, haka kuma injinan baburan haya da suka cika titunan Yelwa da Rumde Ajiya: a kwance noti, a zura filageji, a ɗaure. Yawancin yaran gareji a nan suka fara koyon tafet, shi ya sa da sun ji tik-tik sai hannunsu ya tafi neman sifana. Amma tun a shekarun 1930 kamfanonin Cadillac da Pierce-Arrow a Amurka suka fara sa wani irin tafet da ke cike wannan gibi da kansa, da matsin baƙin mai. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin fistan, da sifirin, da wata 'yar ƙwallon ƙarfe mai tsare ƙofa. Famfon mai yana turo baƙin mai ta wata siririyar huda, ya cika cikin tafet ɗin. Da tozon kamshaf ya danno, sai ƙwallon ta rufe ƙofa, mai ya rasa hanyar fita. Ka ɗauki sirinji cike da ruwa, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna: ba zai motsa ba. Amma in iska ta shiga, ko yatsan ya saki, sai ya lotse. Tafet na mai haka yake. Ƙarfinsa duka aron baƙin mai ne.

Don haka tambayar farko, kafin kowane gwaji, ita ce: wane irin tafet ke cikin wannan inji? Ba duk Toyota ce iri ɗaya ba. Carina E da tsohuwar Corolla masu injin 4A-FE ko 7A-FE ba su da tafet na mai, faifan ƙarfe ake canzawa a saita gibinsu. Amma injin 2TR-FE mai lita 2.7 da ke cikin Hiace da Hilux da Prado na zamani yana da shi, haka 2ZR-FE na Corollar da ta biyo baya. Golf 3 tana da shi. Pajero mai silinda shida, injin 6G72, ta yi suna wajen wannan ƙara a ko'ina cikin duniya. Wanda bai san wannan ba zai ɓata rana yana neman notin saiti a inda babu shi.

Tafet na mai yana lalacewa ta hanya biyu, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Na farko ya lotse. Datti ya maƙale a ƙarƙashin ƙwallon, ko fistan ɗin ciki ya cinye, ko hudar ta toshe, mai ba ya zama. Tozon kamshaf yana dannawa amma rabin dannawar tana ɓacewa a cikin tafet, bawul ba ya buɗewa yadda ya kamata. Silindar ba ta samun isasshiyar iska, ko ba ta iya fitar da hayaƙinta, sai ta yi rauni. Wannan shi ne mai ƙara. Na biyun shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, domin shiru yake yi. Dauɗar mai ta riƙe fistan ɗin a miƙe, ya ƙi komawa, sai ya tokare bawul ya hana shi zama daram a kujerarsa. Tazarar ba ta kai kaurin takarda ba, amma ta nan matsi ke zurarewa. In bawul ɗin fita ne, wutar konewa tana bi ta wannan tsaga, kuma babbar hanyar da bawul ke sauke zafinsa ita ce zama a kan kujera. A hankali gefensa zai ƙone ya tsage. Aikin da zai tsaya a buɗe murfin sama ya koma sauke tof silinda.

Me ya sa wannan ciwo ya yawaita a ƙasar Binuwai? Garwa tana cikin kwari, a watannin Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Baƙin mai in ya yi zafi sosai yana tsinkewa, in ya daɗe cikin zafin kuma yana dahuwa ya bar wata dauɗa mai kama ƙarfe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga ƙurar hunturu. Matatar iska da aka saba busawa da kwamfiresa sau goma maimakon a canza ta, tana barin ƙura ta shige, ƙurar kuma ƙarshenta cikin baƙin mai. Ƙara da motar haya da ke tsaye a tasha inji na silo ana jiran ta cika, sannan ta ɗauki lodi ta kama hanyar ƙasa mai lamba 1, kilomita kusan 275 zuwa Ngaundare, ta hau dutsen da ke bayan Mbe da ƙaramar giya inji na kuka. Sannan ga baƙin man awo da ake ɗiba daga buɗaɗɗiyar ganga, ba a san sunansa ba balle ranar da aka yi shi. Motocin nan kuma galibi sun gama rayuwa guda a Turai kafin su sauka a Duwala ko su biyo ta Kwatano da Najeriya, ba wanda ya san sau nawa aka yi musu juye a baya. Hudar da ke shayar da tafet tana cikin mafi ƙanƙanta a duk hanyoyin mai na inji, kuma a yawancin injinan yau tana can sama, nesa da famfo. In mai ya fara lalacewa, can ake fara jin labari.

Yanzu ga yadda ake bin sawu. Tsarin yana da muhimmanci, domin an jera shi ne daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa abin da ke ci.

A fara da tambayar direba, a kuma saurare shi da kyau.

"Alhaji, ƙarar da safe take yi, ko sai ta yi zafi?"

"Wallahi maigida, da can da safe ne kawai, in ta ɗan ɗumama sai ta yi shiru. Yanzu kuwa ba ta dainawa."

"Yaushe rabonka da juye?"

Amsar farko ta riga ta ba da rabin labari. Ƙarar daƙiƙa biyu ko uku da sassafe ba laifi ba ce, mai ne ya sauka cikin dare yana komawa. Wadda ke ɗaukar mintoci kafin ta lafa gargaɗi ce. Wadda ba ta lafawa, ko wadda sai inji ya yi zafi take fitowa, tana nufin tafet ya gaji ko matsin mai ya yi ƙasa. Daga nan a zaro sandar awon mai. In ya yi ƙasa, famfo yana zuƙar iska. In an cika shi ya wuce alama, kiranshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma iska ce. A shinshina shi: warin fetur yana nufin mai ya tsinke. A buɗe murfin zuba mai a haska tocila ciki. In ka ga baƙar dauɗa ta daskare a kan ƙarafa, ka san inda aka dosa.

Sai a gano silindar. Motocin fetur da aka sayar a Amurka daga 1996, da na Turai daga 2001, suna da wurin jona kwamfutar bincike. Lamba P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0303 ta uku, P0300 kuma misin ne da bai tsaya wuri ɗaya ba. A lura fa, kwamfuta silinda ta nuna, ba ta ce fulogi ba, ba ta ce kwayil ba. Na sha ganin an karanta P0302 an tura yaro kasuwa sayen kwayil nan take, wannan kuwa ba bincike ba ne. In babu kwamfuta, a bar inji na silo, a cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka cire inji ya ƙara durƙushewa, wannan silinda tana aiki. Wanda aka cire ba abin da ya canza, ita ce marar lafiyar.

An same ta, a ce ta uku ce. Kada a sayi komai tukuna. A ɗauke kwayil ɗinta a kai ta ɗaya, a kawo na ɗaya nan. In misin ya bi kwayil ya koma ta ɗaya, magana ta ƙare. In bai bi ba, a yi wa fulogi haka, sannan nozul. Wannan musaya ba ta cin ko sisi, kuma ita ce ke wanke masu gaskiya. In wuta ta canza wuri, mai ya canza wuri, ciwo yana nan a ta uku, to ciwon na ƙarfe ne.

Nan kunne yake shigowa. A samu dogon sukundireba, a ɗora bakinsa a kan murfin bawul, a manna kunne a ƙotarsa, a bi murfin daga gaba zuwa baya, ana kiyaye riga da hannu daga fanbel. Ƙarar tafet siririya ce, mai kaifi, daga sama, kuma ta fi ƙarfi a kan silinda ɗaya. Tana bin gudun kamshaf ne: injin da ke silo a juyi 800 a minti, kamshaf ɗinsa yana yin 400, wato bugu shida zuwa bakwai a daƙiƙa, kunne na iya binsu. Nozul ma yana tik-tik, amma nasa a hankali yake kuma duk silindodi iri ɗaya. Gasket ɗin bakin salansa in ya fashe yana kwaikwayon tafet sosai, sai dai yana barin baƙin tabo a wurin, kuma sau da yawa yakan lafa in ƙarfe ya yi zafi. Bugun metal ɗin kiranshaf daga ƙasa yake zuwa, da nauyi, yana ƙaruwa in an taka totur. Wanda ya ji wannan ya kashe inji kawai.

Sai gwajin matsi, kuma a nan ne ƙwararru ma ke zamewa. Inji da ɗumi, a cire fulogi duka, a yanke wuta da mai, a buɗe totur gaba ɗaya, a auna kowace silinda da geji. Abin dubawa shi ne yadda suka yi kusa da juna. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari abin tuhuma ne. Kada a riƙe lambar littafi da ƙarfi, domin injin da aka auna a Garwa, in aka hau da shi Ngaundare mai tsayin kusan mita 1,100, zai nuna ƙasa da haka da kusan kashi ɗaya cikin goma, don iskar can ta fi sauƙi. In ta uku ta yi ƙasa, a ɗiga mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Lamba ta tashi sosai, zoben fistan ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket, kuma tafet da ya tokare yana cikin waɗanda ake zargi.

Amma ga tarkon. Tafet da ya lotse yakan bar matsi ya fito kusan daidai. Dalili kuwa, bawul yana rufewa lafiya, buɗewa ce ba ya yi sosai, kuma a gudun kik, wanda bai taka kara ya karya ba, 'yar ƙaramar ƙofa ma ta isa ta cika silinda. Sai inji ya tashi yana neman iska da yawa sannan gazawar ke bayyana. Makaniki ya ga geji ya nuna lafiya, ya ce ciki ƙalau yake, ya koma kan wayoyi da kwamfutar mota. An yi asarar kwanaki da kuɗi masu yawa a wannan kwana. Gejin zuƙa, wanda ake jonawa a bututun shigar iska, ya fi gaskiya a nan: a lafiyayyen inji allurarsa tsayawa take cak, in kuwa bawul ɗaya ba ya aikinsa sai ta riƙa faɗuwa tana dawowa a kan ƙa'ida. Akwai kuma tsohuwar dabarar takarda a bakin salansa. In iska tana tura ta waje kawai, to. In lokaci-lokaci ana zuƙo ta ciki, bawul ɗin fita ba ya rufewa.

Hujja ta ƙarshe ido ne da hannu. A kwance murfin bawul. A juya inji da hannu, a kalli bawulolin silindar da ake zargi, a gwada nutsewarsu da na maƙwabta. Sannan a tsayar da tozon yana kallon nesa da tafet, a danna tafet ɗin da katako ko roba, ba da ƙarfe ba don kada a karce shi. Lafiyayye tauri gare shi. Wanda ya lotse zai nutse a ƙarƙashin hannu ba gardama, roka kuma, wato ƙarfen da ke kansa in injin yana da shi, zai riƙa girgiza. A duba tozon kansa da fuskar tafet: in akwai zane, ko rami, ko tozon ya gajarce idan aka gwada da ɗan uwansa, kamshaf ma ya tafi, sabon tafet a kansa ba zai yi wata nawa ba.

Akwai maganin da ake yawan bayarwa wanda nake ƙi da gaske, shi ne a zuba mai mai kauri don ƙarar ta yi shiru. Injin da aka ƙera don 5W-30 sai a ɗura masa 20W-50, wani ma ya ƙara da gwangwanin nan mai yauƙi. Ƙarar takan ragu, wannan gaskiya ne, domin mai kauri ba ya saurin tserewa daga tafet da ya cinye. Amma da safe ya fi daɗewa kafin ya iso sama, kuma hudar da dauɗa ta riga ta matse ba ta samu sauƙi ba. A tsohon inji da littafinsa ya yarda da 20W-50, a zafin Garwa, ba laifi. A injin zamani kuwa rufe bakin mai shaida ne. In ƙarar sabuwa ce, abin da ya dace a gwada shi ne juye da mai nagari na cikin rufaffen galan, da sabuwar filta, a sake wani juyen bayan ɗan gajeren lokaci. Tafet da datti ne kawai ya riƙe shi yakan farfaɗo. A ƙura da zafi irin namu, ban ga hikimar wuce kilomita 5,000 tsakanin juye da juye ba.

Jinkiri ma yana da farashinsa. Fetur ɗin da silinda ba ta ƙona ba yana wanke man da ke jikin bangonta, ya gangara ya tsinka baƙin mai, sauran tafet su ma su fara shan wahala. Ragowar ya bi salansa ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi, har ya narka ta. Fitilar inji da ke ƙiftawa, ba wadda ta kama ta tsaya ba, wannan take faɗa. Direban da ya gan ta a Figil kada ya ce bari in ƙarasa Kusiri.

In an zo canji, abubuwa kaɗan ne amma ba a tsallake su. Tafet ɗin da za a mayar, kowanne ya koma raminsa na asali, don ya riga ya saba da tozonsa. A jera su a kwali da lamba. In ɗaya ya mutu saboda dauɗa a injin da ya yi nisa, sauran ma abin da suka sha ke nan, gara a canza su duka in aljihu zai ɗauka. Na gwanjo da aka ciro daga wani inji caca ne, a ƙalla a danna shi a ji taurinsa kafin a biya. A wanke ramin, a tabbatar hudar mai a buɗe take. Bayan an ɗaura kamshaf a dakata kamar rabin awa kafin a tayar, kamar yadda Volkswagen ke umarta a injinanta, domin sabon tafet da ke cike da mai ya samu ya zauna, in ba haka ba zai iya tokare bawul har fistan ya same shi. A juya inji da hannu zagaye biyu a ji ba inda ya cije.

Kafin a miƙa wa mai mota makulli, a cire na'urar fitilar mai a ɗaura geji a wurinta, a auna matsin baƙin mai inji da zafi, a silo da kuma an ɗan taka, a gwada da abin da littafin injin ya ce. Fitilar dashbod ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa, don haka shirunta ba shaida ba ne. In geji ya nuna ƙasa, to tafet ba shi ne tushen ciwon ba: ko rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta ta toshe, ko famfon ya gaji, ko metal ya buɗe yana zubar da matsi tun daga ƙasa. Sai a sauke kaskon mai a duba rariyar, wanda shi ne aikin da babi na gaba zai ɗauka.